Me Ya Sa Mota Kan Daɗe a Gareji Bayan Ta Yi Karo?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa garejin masu gyaran jikin mota, ko a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, ba zai rasa ganin motocin da suka yi karo suna jibge ba, wasu an ciccire masu ƙofofi, wasu an shafe su da ƙullu suna jiran fenti, wasu kuwa har ƙura ta lulluɓe su saboda daɗewa. Tambayar farko da mai mota kan yi wa bakanike ita ce, "Yaushe zan zo in ɗauka?" Amsar wannan tambaya ba ƙaramin abu ba ce ga direban tasi ko na bas ɗin haya, wanda duk ranar da motarsa ta kwana a gareji cefanen gidansa ne ya tsaya. A ɗaya ɓangaren kuma, motar da aka yi wa gyaran gaggawa tana iya fitowa tana ƙyalli alhali ƙashinta a raunane yake, ba kuwa za a gane ba sai ranar da ta sake yin karo da mutane a cikinta.

Wannan maƙala za ta duba abubuwan da ke cin lokaci a irin wannan gyara, tun daga abin da ke faruwa ga ƙarfe a lokacin karo har zuwa bushewar fenti, domin mai karatu ya iya bambance jinkirin da kimiyya ta wajabta da jinkirin da ɗan Adam ya jawo.

Ina Ƙarfin Karo Yake Tafiya?

Kowane abu mai tafiya yana ɗauke da abin da masana kimiyya ke kira kuzarin motsi, wanda ake aunawa da ma'aunin jul. Ana samun yawansa ne idan aka ɗauki rabin nauyin abin, aka ninka da saurinsa, aka sake ninkawa da saurin. Alal misali, motar da nauyinta ya kai kilogiram 1,200, idan tana gudun kilomita 50 a sa'a guda, wato kimanin mita 14 a kowace daƙiƙa, tana ɗauke da kuzarin da ya kai jul 116,000. Wannan daidai yake da a ɗaga motar sama mita 10 a sako ta ƙasa. Idan kuwa direba ya ninka gudun zuwa kilomita 100 a sa'a, kuzarin zai ninku sau huɗu, ya zama kamar an sako motar daga tsawon mita 39.

Ƙa'idar kimiyya ta tabbatar da cewa kuzari ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Saboda haka idan mota ta daki bango ko wata motar, tilas wannan kuzari ya sami wurin zuwa: ko dai ya ƙare wajen lanƙwasa ƙarfe, ko kuma ya ƙare a jikin mutanen da ke ciki. Wani injiniya mai suna Bela Barenyi, wanda ya yi aiki da kamfanin Mercedes-Benz a Jamus, shi ne ya fito da dabarar ƙera mota ta yadda gabanta da bayanta za su murƙushe da gangan, tsakiyarta kuma inda mutane ke zama ta kasance da tauri. An ba shi takardar mallakar wannan fasaha a 1952, kamfanin kuma ya fara sayar da motoci masu irin wannan tsari a 1959.

Lissafi zai nuna hikimar da ke ciki. Idan motar da ke gudun kilomita 50 ta tsaya bayan gabanta ya murƙushe da tsawon rabin mita, ƙarfin da zai tsayar da ita zai kai kimanin ninki 20 na nauyinta. Idan kuwa gaban nata mai tauri ne, ya lotsa da santimita 10 kacal, ƙarfin zai kai kusan ninki 100, wanda da wuya jikin ɗan Adam ya jure. Wannan shi ne dalilin da ya sa motar zamani kan yi raga-raga a karon da tsohuwar mota za ta fito da 'yar lotsawa. Motar ta karɓi dukan ne a madadin fasinja, ladan wannan kuwa shi ne doguwar jinya a gareji.

Halin Ƙarfe

Idan aka ɗan lanƙwasa ƙarfe aka sake shi, yakan koma yadda yake, kamar yadda masanin nan na Ingila, Robert Hooke, ya bayyana tun a ƙarni na 17. Amma akwai iyaka. Da zarar an wuce ta, sai jerin ƙwayoyin zarra da ke cikin ƙarfen su zame a kan juna, ƙarfen ya ɗauki sabuwar siffa, ba kuma zai koma da kansa ba. Bugu da ƙari, daidai wurin da ya lanƙwashe yakan ƙara tauri, ya kuma rage juriya.

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan a cikin aji da guntun wayar ƙarfe. A lanƙwasa ta sau ɗaya, sannan a yi ƙoƙarin miƙe ta. Za a ga gwiwar da aka yi ta ƙi miƙewa sosai, wayar ta gwammace ta lanƙwashe a gefenta. Idan aka ci gaba da lanƙwasawa da miƙewa a wuri guda, wurin zai yi ɗumi, daga baya ya tsinke. Irin wannan gwiwa ce mai gyaran bodi yake fama da ita. Fallen ƙarfen da ke jikin ƙofa ko bonet bai kai kaurin milimita 1 ba, kuma idan ya lotsa yakan taɓe, wato faɗinsa ya ƙaru. Dole a bi shi da ƙananan bugu masu yawa, ana tallafe shi da maƙera ta baya, wani lokaci a ɗan gasa wuri a sanyaya don ya tsuke. Bugu ɗaya mai ƙarfi ɓarna yake ƙarawa. Nan sa'o'i suke tafiya.

Har ila yau, ba iri ɗaya ne ƙarfen mota ba. A motocin zamani, ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi da sandunan da ke cikin ƙofa akan yi su da ƙarfe mai gaurayen sinadarin boron, wanda ake gasawa har kimanin digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, a matse shi, a sanyaya shi nan take. Ƙarfinsa ya kai ninki biyar na ƙarfen bodi na yau da kullum. Wutar waldar kabayid da aka saba gani a garejojinmu zafinta ya haura digiri 3,000, kuma idan aka gasa irin wannan ƙarfe da ita don a miƙe shi, taurin da aka ba shi a masana'anta ya tafi ke nan. Saboda haka kamfanonin ƙera motoci suke umartar a cire irin wannan sashe a sa sabo. Wasu motocin kuma da goran ruwa ake yin jikinsu, kamar ƙirar Ford F-150 tun daga ta 2015. Shi goran ruwa yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗi mai walda ba, don haka yana buƙatar kayan aiki na daban da gwani na daban.

Bincike da Miƙe Ƙashi

Matakin farko na gyara shi ne kwance duk abin da ya rufe wurin da aka daka: bamba, fitilu, madigadi da sauransu. Sai an yi haka ake ganin ɓarnar da ke ɓoye, kamar fasasshen lagireto, ko lanƙwasasshen hannun taya, ko tsinkakkun wayoyi. Wannan ne ya sa kuɗin da lokacin da aka yanka a ranar farko sukan canja bayan kwana biyu, ba lalle don bakanike ya yi ha'inci ba.

Motoci iri biyu ne ta fuskar ƙashi. Akwai masu shasi daban, wanda aka ɗora bodi a kansa, kamar Toyota Hilux da manyan motocin ɗaukar kaya. Akwai kuma waɗanda bodin shi ne ƙashin, an haɗa fallayen ƙarfe da ɗigon walda dubbai sun zama akwati guda, kamar Toyota Corolla da galibin ƙananan motoci. A irin na biyun, dukan da aka yi a gaba yana iya ratsawa har ya karkatar da rufi ko ƙofar baya, kamar yadda kwali kan karkace gaba ɗaya idan aka danna kusurwarsa guda.

A garejin da ya cika, akan ɗaure motar a kan wani teburin ƙarfe, a auna wasu sanannun wurare a ƙarƙashinta, a gwada da ma'aunin da kamfanin ya bayar. Kuskuren da aka yarda da shi bai wuce kimanin milimita 3 ba. Sannan a ja da sarƙa da jak, a bi hanyar da dukan ya shigo a mayar da shi baya, a saki, a sake aunawa, a sake ja. Ana maimaita wannan sau da yawa, domin ƙarfe yakan ɗan koma baya duk lokacin da aka sassauta sarƙa. Inda babu irin wannan tebur, akan ɗaure mota a jikin bishiya a ja, a kuma auna da igiya da ido. Alamun ƙashin da bai miƙe ba sanannu ne: mota ta riƙa ja gefe guda, taya ya riƙa cinyewa ta ɓangare ɗaya, ƙofa ta ƙi rufuwa sai an buga, ko a ga motar tana tafiya a karkace idan aka hango ta daga baya.

Jiran Kayan Gyara da Takardu

Sau da yawa mota takan fi daɗewa tana jira fiye da yadda take daɗewa ana aiki a kanta. Babban abin jira shi ne kayan gyara. Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ƙirar 504 ta cika ƙasa har ya zama kusan kowane gari ana samun kayanta. Daga baya motocin Japan na hannu, waɗanda ake kira 'yan Kwatano, suka mamaye hanyoyi. Mai irin wannan mota yana iya samun ƙofa ko fitila a yini guda a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna, ko ya aika Ladipo a Legas ko Nnewi a jihar Anambra. Amma mai motar da ba ta yawaita ba, sai an yi masa odar kayan daga waje, kuma jirgin ruwa daga Asiya ko Amurka makonni yake yi kafin ya iso Apapa, ban da kwanakin fito da kaya daga hannun kwastan. Abin da ya faru a duniya ma yana shafar gareji: a 2021 da 2022 an yi ƙarancin ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ake sawa a motoci, wanda ya jinkirta ƙera sababbin motoci da samun wasu kayan gyara a ƙasashe da dama.

Abu na biyu shi ne takardu. Idan haɗarin ya kai ga hukuma, ba a taɓa mota sai 'yan sanda sun gama bincikensu sun sake ta. Idan kuma kamfanin inshora ne zai biya, sai jami'insa ya zo ya duba ɓarnar ya amince da kuɗin. Ya kamata a sani cewa inshorar da doka ta tilasta wa kowane mai mota a Nijeriya ɓarnar da ya yi wa wani take biya, ba ta gyara tasa motar. A watan Janairu na 2023 an ɗaga kuɗinta ga motocin gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, aka kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya zuwa naira miliyan 3. Wanda ke son a gyara tasa motar sai ya yanki inshorar komai da ruwanka. Idan kuɗin gyara ya kusanci darajar motar, kamfani kan zaɓi ya biya mai ita maimakon a gyara. Abu na uku kuwa, wanda kowane bakanike ya sani, shi ne mai motar da ke kawo kuɗin aiki gutsi-gutsi.

Fenti Ba Ya Son Gaggawa

Fentin mota hawa-hawa ne, duk da cewa kaurinsa gaba ɗaya a sabuwar mota bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita da ɗan ɗoriya ba. Bayan an gama bugu, akan cike ƙananan ramuka da wani ƙullu da ake gaurayawa da sinadarin taurarawa, wanda kan daskare cikin minti 20 zuwa 30, sannan a goge da sanfefa. Daga nan a fesa fentin shimfiɗa mai hana tsatsa, a bari ya bushe, a sake gogewa. Sai a fesa launi sau biyu ko uku, ana dakatawa tsakanin kowace fesawa. A ƙarshe a fesa ruwan ƙyalli mai kare launi daga rana da ruwa.

Bushewa iri biyu ce. Akwai ta tashin tina, wato ruwan da aka tsinka fenti da shi ya bi iska. Akwai kuma ta haɗuwar sinadarai, inda ƙwayoyin fenti da na sinadarin taurarawa suke sarƙewa da juna su zama fata guda mai tauri. Masana sinadarai sun lura cewa a galibin irin wannan haɗuwa, ƙarin zafi na digiri 10 yakan kusan ninka saurin aikin. A masana'anta ana gasa fenti a zafin da ya kai kimanin digiri 140, domin a lokacin bodin fanko ne. Motar da aka riga aka haɗa kuwa tana da roba da wayoyi da kujeru, saboda haka ɗakin gashin fenti ba ya wuce kimanin digiri 60, inda rabin sa'a ko fiye kaɗan kan wadatar. Idan a fili za a bar shi, yakan kwana kafin a iya taɓa shi, ya kuma yi makonni yana ƙara tauri.

Yanayin ƙasarmu yana da nasa hukunci. Da hunturu ƙura kan sauka a kan ɗanyen fenti, dole a goge a sake. Da damina laimar iska kan sa fenti ya yi hazo-hazo. Da bazara kuma saman fenti kan bushe kafin tinar da ke ƙasa ta fita, sai ya yi ƙuraje. Haɗa launi ma aiki ne mai cin lokaci, domin ko da an bi lambar launin da ke jikin mota, rana ta riga ta koɗar da tsohon fenti, sai an yi ta gwaji ana dubawa a hasken rana. Wajibi ne kuma mai fesawa ya sa abin rufe hanci na ainihi, saboda sinadarin taurarawa yana jawo cutar asma.

Lantarki da Jakar Iska

Jakar iska tana cika ne cikin kimanin kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa, ta hanyar ƙona wani sinadari da ke fitar da iskar naitirojin. Sau ɗaya take aiki. Idan ta fashe, sai an sauya ta, a sauya na'urar da ke ɗaure bel a lokacin karo, a kuma duba ƙwaƙwalwar da ke ba su umarni. Wasu kan rufe gurbin jakar fanko, su kashe fitilar gargaɗi da ke gaban direba, don a rage kuɗi da kwanaki. Wanda ya sayi irin wannan mota ya sayi haɗari bai sani ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce, idan aka murɗa makulli fitilar jakar iska ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Idan ba ta kama sam ba, ko ta ƙi mutuwa, akwai matsala.

Sababbin motoci kuma suna da kyamara a bayan gilashin gaba da na'urorin hangen nesa a cikin bamba, waɗanda ke taka birki da kansu idan sun ga haɗari. Bayan sauya gilashi ko bamba sai an sake saita su da kwamfuta, don ɗan karkacewa kaɗan a nan yana zama kuskuren mitoci a can nesa.

Lissafin Kwanaki

Babu ma'auni guda da zai dace da kowace mota, amma ana iya yin ƙiyasi idan kaya da kuɗi suna hannu. 'Yar lotsawar da ba ta fasa fenti ba takan ɗauki sa'o'i kaɗan. Sauya bamba ko madigadi tare da fenti yakan ci kwana 2 zuwa 4. Karon da ya shafi sassa da yawa da lagireto da fitilu yakan ci mako 1 zuwa 2. Wanda ya taɓa ƙashin mota ya kuma fasa jakar iska yana iya kai wata guda ko fiye.

A ɗauki misalin ƙaramar mota da aka daka a gaba ta hagu. Kwancewa da bincike, kwana 1. Jiran amincewar mai biya, kwana 3. Neman kaya, kwana 2. Miƙe ƙashi da walda, kwana 2. Ciko da guga da fentin shimfiɗa, kwana 2. Launi da bushewa, kwana 2. Mayar da kaya, saitin ƙafafu da gwaji a kan hanya, kwana 1. Jimla kwana 13. Daga ciki, kwana 5 na jira ne zalla, su ne kuma mai mota zai iya ragewa idan ya kai rahoto da wuri, ya tanadi takardunsa, ya biya kuɗin kaya a dunƙule. Sauran kwana 8 na ƙarfe ne da sinadari, duk wanda ya rage su kuwa, daga ingancin aikin ya rage.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tsawon lokacin gyara ya rataya ne a kan abubuwa huɗu: zurfin ɓarna, irin ƙarfen da aka ƙera motar da shi, samuwar kayan gyara, da kuma lokacin da sinadaran fenti suke buƙata. Mai mota yana da haƙƙin ya nemi a rubuta masa jerin aikin da za a yi, a nuna masa tsofaffin kayan da aka cire, ya kuma ga ƙashin motar kafin a rufe shi da ƙullu. Haka kuma bai kamata ya matsa wa mai gyara ya tsallake awo ko bushewa ba, domin Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Ga ɗalibai kuwa, darasin da ya fi girma yana cikin lissafin farko. Tun da kuzarin motsi yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninku sau biyu, direban da ya sauko daga kilomita 100 zuwa 70 ya rage kusan rabin ƙarfin da zai murƙushe motarsa idan tsautsayi ya gitta. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.